Mindar soja a kwanon tsoffin kuɗi: ta yaya ake gano mai ita?

Ranar wata Asabar na biyo ta wajen masu sai da kayan gargajiya a nan Kumasi, irin rumfunan nan da ake jera sassaƙen katako da duwatsun wuya da ma'aunin zinare na Tonawa, sai idona ya faɗa kan wani kwano cike da tsoffin kuɗi, kwabo mai huji da taro da sisi da sule na zamanin Gwalkwas, wato Ghana kafin 'yancin kai, a tsakiyarsu kuma ga minda guda uku sun yi baƙi, ƙyallen da ake rataye su da shi duk ya ruɓe ya fita. Na ɗauki ɗaya, tana da nauyi a hannu, gaba kan Sarki Joji na biyar ne, baya kuma mutum ne bisa doki, an rubuta 1914 da 1918. Da na juya ta ta gefe, can bakin da'irar inda yawancin mutane ba sa dubawa, sai ga rubutu ƙanana an buga da ƙarfe: lamba, sai muƙami, sai suna, sai sunan rundunar Gwalkwas a gajarce. Sunan farko na Musulmi ne irin wanda kowane gida a zango akwai mai shi, na biyu kuwa Moshi.

Mai rumfar ya ce min, "Alhaji ka saya mana, azurfa ce zalla, in ba ka saya ba maƙeri zai zo ya saya ya narke ta." Na ce masa, "Yayana, wa ya kawo maka ita?" Ya ce yara ne ke kawowa, in tsoho ya rasu aka share ɗaki. Na biya na sa a aljihu, amma wallahi har na iso gida maganar nan tashi ba ta bar zuciyata ba, don mutumin nan ƙila ya taka daga nan har Togo ko Kamaru ko Gabashin Afirka da ƙafarsa, ya dawo ya haifi 'ya'ya a wata unguwa da nake wucewa kullum, yau ga abin da ya rage nasa ana auna shi da kuɗin azurfa.

To a ƙasashen Turawa akwai mutane da dama da aikinsu ke nan, tara minda, kuma akwai manyan gidajen gwanjo a Landan irin su Spink da Noonans da ke sai da su. Abin da ya kamata mu fahimta shi ne ba ƙarfen suke saye ba. Irin wannan da na saya, wadda suke kira British War Medal, an buga ta fiye da miliyan 6, ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Abin da ke ɗaga darajar minda a wurinsu shi ne labarin mai ita, wane ne, ina ya yi yaƙi, an ji masa rauni, an ambace shi a takardar yabo, akwai hotonsa. Minda biyu iri ɗaya sak, ɗaya an san mai ita ɗaya ba a sani ba, kuɗinsu ba ya zuwa kusa. Shi ya sa mai tarawa yake kwana yana tonon takardu. Mu kuma da labarin yake cikin gidajenmu, mu ne muke rabuwa da ƙarfen a kwano, labarin kuma ya bi tsofaffi zuwa maƙabartar Tafo.

Matakin farko a binciken nan shi ne ka san wace minda ce a hannunka, don ita za ta gaya maka zamani da fagen yaƙi, kuma ita za ta gaya maka ko akwai suna ko babu. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Na yaƙin duniya na farko, wato tauraron 1914-15 da wannan ta azurfa da ta nasara mai ƙyalle kalar bakan gizo, dukansu Ingila ta buga sunan mai su, tauraron a bayansa, sauran biyun a gefe. Amma na yaƙin Hitila, wato yaƙin duniya na biyu, tauraron 1939-45 da tauraron Afirka da tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, da mai zaki yana taka dodo a baya, waɗannan haka aka raba su fayau babu suna babu lamba. Ka ga ke nan tauraron Bama in ya fita daga gida shi kaɗai, ba takarda ba komai, shi ke nan ya zama maraya, ba wani masani a duniya da zai iya ce maka na wane ne. Kuma abin takaici su ne suka fi yawa a zangonninmu, don mutanen Gwalkwas kimanin 65,000 ne suka sa kaki a yaƙin nan.

Akwai kuma waɗanda suka girmi waɗannan, kuma su ne suka fi shafar garin nan kai tsaye. Tauraron Ashanti na 1896, na zuwan da aka kama sarkin Ashanti Nana Prempeh na ɗaya, shi ma ba suna aka raba shi. Sai mindar Ashanti ta 1900 ta yaƙin Yaa Asantewaa, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinare aka tsare shi cikin ganuwar Kumasi, ya samu ya fice a watan Yuni, kafin Kanar Willcocks ya iso da dakaru a watan Yuli, wasu daga cikinta suna da ɗan ƙarfe a sama an rubuta Kumassi, ta azurfa ga masu bindiga ta tagulla ga 'yan dako. Ganuwar tana nan har yau a Adum, ita ce gidan tarihin soja, duk wanda yake son ya ga yadda kayan nan suke da idonsa ya shiga can. Ni ina ganin bai kamata mu kauce wa wannan ɓangaren ba don yana da nauyi a baki. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi mindar nan 'yan rundunar da Turawa ke kira Hausa ne, kuma mutanen da suka yaƙa su ne kakannin maƙwabtanmu da muka zauna a ƙasarsu fiye da shekara ɗari muna auratayya. In bincike ya kai ka nan, faɗin gaskiyar yadda abin ya faru ya fi a ɓoye ta, mutumin da ke bayan ƙarfen sau da yawa shi ma talauci ko bauta ya gudo wa ya faɗa bariki.

Wannan ya kawo mu kan babbar matsalar, wadda ta bambanta neman sojanmu da neman sojan Bature, wato suna. Baturen Ingila in ka samu sunansa da lambarsa, akwai takardar haihuwa, akwai ƙidayar jama'a, akwai littafin coci, kana zaune gaban kwamfuta za ka bi shi tun daga haihuwa har kabari. Namu kuwa ranar da ya zo shiga soja akawu zai tambaye shi sunansa, ya ce Musa ko Ali ko Seidu, sai a tambaye shi daga ina, abin da ya faɗa ko abin da akawun ya ga dama shi zai zama sunansa na biyu har abada. Shi ya sa in ka duba jerin sunayen rundunar Gwalkwas za ka ga Moshi, Grunshi, Dagarti, Frafra, Kanjarga, Wangara, Fulani, Bazabarimi, Kano, Sokoto, suna ta maimaituwa shafi bayan shafi. Ba sunan uba ba ne ko ɗaya. Kanjarga ma sunan da ake kiran Bulsawa ne daga garin Kanjaga, Grunshi kuwa wata babbar jaka ce da aka zuba ƙabilu da dama a ciki, Kasena da Sisala da sauransu, su kansu ba haka suke kiran kansu ba. Ko kalmar Hausa ɗin ma haka take, tun zamanin Glover, Baturen da ya kafa sojan Hausa a Legas, da rundunar 'yan sandan Gwalkwas ta 1879 duk ɗan arewa da ya sa kaki Hausa ne a bakin Bature, don Hausa ce harshen bariki, da ita ake fareti da ita ake ba da oda, mutum ya zo ba ya jin ko sannu ya fita da Hausa a bakinsa da sunan Musulmi, ya zauna a zango, jikokinsa yau su ne mu.

Dubi Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan ɓangaren Ingila na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na farko gaba ɗaya, a ƙasar Togo a watan Agusta 1914 lokacin da aka nufi tashar wayar iska ta Jamus a Kamina. Ya rayu har ƙarshen yaƙin, ya samu mindar jarumta saboda abin da ya yi a Gabashin Afirka, ya kai samanja. Mutum mai wannan matsayi ke nan, amma sunan da duniya ta san shi da shi rabinsa laƙabin ƙabila ne da wasu suka liƙa. To ina ga farabiti da bai taɓa shiga jarida ba.

Ƙari a kan haka, da yawa sun tsallako ne daga ƙasar Faransa, Moshi daga yankin Wagadugu, Zabarmawa daga bakin Kwara, wasu suna gudun aikin tilas na Faransa, kuma akwai wanda sarkin garinsu aka ce ya kawo mutum kaza sai ya tura bara ko baƙo, akwai wanda ya gudu daga soja ya sake shiga a wani gari da sabon suna. Saboda haka sunan da ke gefen minda yana iya zama sunan da ko matarsa ba ta kira shi da shi ba.

Shi ya sa lamba ita ce komai. Ali Moshi na iya zama hamsin a runduna, amma lambar tana raba su. A yaƙi na biyu lambar 'yan Gwalkwas tana farawa da GC, ta 'yan Najeriya da NA, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka a wace ƙasa aka ɗauki mutum ko da a Nima ko Aboabo ya ƙare rayuwarsa. Kuma tsoffin sojan nan ba sa manta lambarsu, ni na taso na tarar da wani tsoho a layinmu, muna ce masa Baba Saje, tsufa ya ci shi har ba ya gane jikokinsa sosai, amma in ka ce "Baba, lamba fa?" sai ya miƙe zaune ya karanto ta da Turanci tiryan-tiryan ba gargada. Ba wanda ya rubuta a cikinmu. Yau in na tuna abin yana ci min rai ƙwarai.

In ka samu lamba da suna, sai takardu. Mafi yawansu suna babban gidan ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan, kuma sun jera su da lambobi. Katunan minda na yaƙin farko suna ƙarƙashin WO 372, ana iya neman su ta intanet da suna ko lamba, manyan littattafan rabon mindar kuma WO 329, na yaƙe-yaƙen da suka gabata irin na 1900 suna WO 100. In mutum ya samu mindar jarumta a yaƙi na biyu, takardar da hafsansa ya rubuta yana bayanin abin da ya yi tana WO 373, kuma wannan ita ce takarda mafi daɗin samu don a nan ne kaɗai za ka ji an ba da labarin baƙin soja da sunansa, rana kaza a tudu kaza ya yi kaza. Sanarwar kuma tana fita a jaridar gwamnati ta London Gazette. Amma kar mutum ya sa rai da yawa a kan katin minda, abin da ke kai bai wuce abin da ke gefen ƙarfen ba sai ɗan ƙari, wace minda da wace ya cancanta, wani lokaci da ranar da ya shiga fagen yaƙi. Amfaninsa shi ne ya tabbatar maka mindar ta gaskiya ce, kuma ya gaya maka tana da 'yan'uwa, in ka riƙe ɗaya ka san akwai ɗaya ko biyu da suka ɓace a wani wuri.

Daga nan sai littafin yau da kullum na bataliya, wanda akawun soja ke rubutawa a fagen yaƙi, na yaƙin farko WO 95, na Bama WO 172. Nan ne za ka ga hanyar da suka bi. Misali in ka gano kakanka yana bataliya ta 5 ko ta 7 ko ta 8 ta Gwalkwas, to yana runduna ta 81 ke nan, waɗanda suka shiga kwarin Kaladan a 1944, daji da tsaunuka inda mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci jirgin sama ke jefowa. In ta 1 ko ta 2 ko ta 3 ce, to ya fara da yaƙin Italiya a Somaliya da Habasha a 1941 kafin a kai su Bama cikin runduna ta 82, kuma rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan duk muna jin su kullum ba ma tambaya, Burma Camp a Ankara, barikin Myohaung a Takoradi, barikin Kamina a Tamale, barikin Uaddara a nan Kumasi wanda ya samo suna daga wani fagen daga a Habasha. Sai dai littafin nan yana da wani abu mai ciwo, in Bature hafsa ya mutu ko ya ji rauni za a rubuta sunansa, in namu ne sau da yawa sai dai ka ga adadi da haruffa uku, AOR, ma'ana ƙananan sojojin Afirka, mutum biyu sun mutu biyar sun ji rauni, shi ke nan an wuce.

Wanda bai dawo ba kuma, sai a duba wajen hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, suna da rumbun sunaye a intanet kyauta. Akwai maƙabartar yaƙi a Christiansborg can Osu a Ankara, akwai dutsen tunawa na Rangun a ƙasar Bama mai sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma na ciki. Amma hukumar da kanta ta fitar da rahoto a 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasari 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. A cikin rahoton har an kawo maganar Gwamna Guggisberg na Gwalkwas ta 1923, inda ya nuna wai talakan ƙasar nan ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Guggisberg ɗin da muke yabo saboda Achimota da asibitin Korle Bu da tashar jirgin ruwan Takoradi. Saboda haka in ka nemi sunan kakanka a can ba ka gani ba, ba shi ke nuna bai je ba.

Duk wannan rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da mai tarawa a Landan ya fi mu iyawa. Ɗaya rabin ba ya Kew, yana cikin adakar Hajiya, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da salla. Littafin sallama daga soja, ɗan ƙarami mai bango mai kauri, shi ne ya fi mindar kanta daraja a wajen bincike, don a ciki ake samun lamba da ranar shiga da ranar fita da inda ya yi aiki da shaidar hali, wani lokaci da garinsu da tsagar fuskarsa da zanen yatsa. Shi ne kaɗai zai iya ɗaure tauraron Bama marar suna da mutum. Sai katin fansho, sai katin ƙungiyar tsoffin soja, sai hoton da aka ɗauka da jar dara da kaki. Ofishin kula da tsoffin soja na VAG da gidan ajiyar takardun ƙasa na PRAAD a Ankara da rassansa na Kumasi da Tamale su ma wuraren tambaya ne, musamman wasiƙun da DC-DC na arewa, wato Turawan da ke mulkin gundumomi, suka riƙa rubutawa kan ɗaukar soja da koke-koken fansho. Kar mu manta koke-koken nan ne suka kai tsoffin soja maci zuwa fadar gwamna ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, abin da ya girgiza mulkin mallaka a ƙasar nan. Su ukun an san sunansu, sauran da suka yi macin tare da su da mindodinsu a ƙirji fa, suna cikin irin takardun nan da bakin tsofaffi.

Ina roƙon duk wanda ke da irin kayan nan a gida, kar a raba su, minda da takarda da hoto su zauna wuri ɗaya, kar a ce wannan ɗa ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya don rabon gado. Kar a goge ta da toka ko yashi ko ruwan batir don ta yi ƙyalli, haka ake cinye rubutun gefen. Kuma mai saye ya lura, akwai masu kankare sunan asali su zana wani don su ƙara kuɗi, in ka ga gefen ya sirance a wuri ɗaya ko haruffan zanen hannu ne a mindar da aka san da inji ake buga ta, to a yi hattara. In ma dole ta sa za a sayar, ba na zargin kowa, rayuwa ta yi tsada, amma a ɗauki hoton gaba da baya da gefe da waya, a rubuta sunansa na gida da na bariki da garin da ya fito, a ba mai sayen kwafi a ajiye kwafi.

Ita tawa da na saya a kwano, na nemi katin na samu, lamba da suna sun yi daidai, kuma katin ya nuna akwai ta nasara da ta kamata su kasance tare. Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗauke ta na tafi Moshi Zango wajen dattawa da ke zama a ƙofar wani masallaci, na gaishe su na miƙa wa babbansu, na ce "Baba, mai wannan nake nema." Ya juya ta a tafin hannunsa ya daɗe yana kallon dokin, ya ce in karanta masa sunan, na karanta, ya ce in sake. Sai suka fara lissafi a tsakaninsu da Moshi da Hausa, gidan wane kakansu soja ne amma shi na Bama ne, gidan wane nasu ya yi yaƙin Jamus na farko amma ba sunansa ke nan ba sai dai ko a bariki, har suka tsaya a kan gida uku. Biyu mun shiga a ranar, an karɓe mu da ruwa da mutunci amma ba takarda ko ɗaya, an ce ruwan sama ya ci su tun tuni. Na ukun wata jikarsa ce ta fito, ita ma da furfurarta, ta ce tabbas akwai wani ɗan littafi da Mma take naɗewa a leda cikin adakarta, ba ta barin kowa ya taɓa, amma Mma ta tafi Bawku gaisuwar rasuwa da makullin a bakin zaninta, sai bayan salla za ta dawo. Na rubuta mata lambar a takarda da manyan baƙi na bar mata, ta ninke ta ta sa a jakar wayarta.